Abin da Hular Baba Ta Ɓoye

Godiya ta tabbata ga Allah da ya mayar mana da Baba, ya kuma mayar wa Baba da hankalinsa. Yau da safe na ji shi a zaure yana gardama da mai gyaran rediyo a kan batir, sai na tsaya a tsakar gida da tsintsiya a hannu ina saurare kamar mai jin waƙa. Bara da damina, mutumin nan bai san hannunsa na dama nasa ba ne. Na ɗauki biro ne saboda duk wadda take da uba, ko miji, ko wa, da yake fita neman abinci ya dawo ya ce mata "ba komai". Mu mun yarda da wannan kalma har mako biyar, kuma saura kaɗan ta raba mu da shi.

Baba, Malam Adamu, shi ne mai riƙe da makullin siton taki na Alhaji Sabo a bakin kasuwar Azare, shekara ashirin da ɗoriya. Siton dogon ɗaki ne mai ƙofa ɗaya ta ƙarfe. Da rani ƙuda ma ba ya damun Baba a wurin. Amma da zarar ruwan shuka ya sauka, manoma sukan zo daga Itas da Yana da ƙauyukan Katagum, su cika bakin ƙofar har titi. Ba layi, ba inuwa, ba lamba. Wanda aka sani, ko wanda ya fi ƙarfin kafaɗa, shi ke fara samu. Baba kuwa a tsakiyar ƙofar yake tsayawa, jikinsa shi ne shingen da ke tsakanin mutane da buhuna. Damina uku yana roƙon Alhaji a fasa taga a bango a sa mata ƙarfe, a riƙa ba mutane lamba. Alhaji yakan yi dariya ya ce, "Malam Adamu, Allah ne ke tsarewa." Baba sai ya ce haka ne.

Ni a lokacin na gama kwalejin horon malamai ina zaune a gida ina jiran a tura ni makaranta. Aikina shara, da taya Inna girki, da cika wani littafi mai shuɗin bango da abubuwan da ba su amfanar kowa: launin hadari, kukan tsuntsun da ke bishiyar dalbejiyarmu. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, Hafsatu, saboda haka tunda aka haife ni bai taɓa furta shi ba. Ummi yake kirana.

Wata Talata ya dawo kafin la'asar, abin da bai saba ba a tsakiyar sayar da taki. Ya fita da hula zanna mai ruwan toka, ya dawo da wata fara da ta yi masa yawa, ta sauko har saman kunne. Na ce, "Baba, sabuwar hula?" Ya ce, "Alhaji ne ya ba ni." Bai yi ƙarya ba. Na shiga ɗaki na rubuta a littafina cewa farar hula ta mayar da Baba saurayi. Har yau idan na buɗe wannan shafi sai na ji kunyar kaina.

Ran Juma'a wanzami ya yi sallama kamar kullum, Baba ya ce a ce masa sai wani makon. Wani makon ma haka. Ban kawo komai a raina ba.

A mako na biyu ciwon kai ya fara. Ba ya faɗa, sai dai ka ga ya dafe gefen hagu na kansa yana lumshe ido, in ya ga ana kallonsa ya mayar da hannun kamar gyaran hula yake yi. Baba Bafulatani ne ta wajen uwa, fulakonsa kuwa ya fi na dangin uwar tasa. Ko ƙaya ya taka sai ya gama gaisawa da mutane kafin ya cire ta. Inna ta aike ni kemis na sayo maganin ciwon kai, ya sha, ya ce da sauƙi, ya tafi aiki.

A mako na uku ya fara mantuwa. Ya bar makullin sito a masallaci. Ya ja mu sallar magariba a gida ranar da aka yi ruwa, ya yi raka'a huɗu, da Inna ta tuna masa ya dube ta kamar ta yi masa wani yare. Kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa sau biyu a rana ɗaya. Nan ne Inna ta ce sai asibiti, kuma ni aka haɗa shi da ni, tunda ni ce mai boko.

Mun isa asibiti da hantsi, muka sami layin yankar kati ya zagaye baranda. Muka zauna a benci tsakanin wata mai goyo da wani tsoho mai tari har azahar ta wuce. Baba ya ba tsohon wurinsa sau biyu. Da muka shiga, likitan, wani matashi da gajiya ta cika idonsa, ya auna jininsa ya ce ya ɗan hau. Ina so in yi masa adalci a nan, domin ya yi tambayar da ta dace. Ya ce, "Baba, ka faɗi kwanan nan? Ko wani abu ya buge ka a kai?"

Baba ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ba wani abin a zo a gani, likita."

Likitan ya dube ni. Na ce, "Bai faɗi ba." Da gaskiyata na faɗa. 'Ya ba ta ganin kan ubanta a buɗe. Alwalarsa a zaure yake yi, hularsa kuwa sai ya shiga ɗaki take sauka. Aka rubuta mana maganin hawan jini da na zazzaɓi, aka ce mu dawo bayan mako biyu.

Mako na huɗu ya kawo mana Gwaggo Lami, yayar Baba, daga Katagum, da kwandon busasshen kifi da ƙullin magani fiye da goma. Gwaggo mace ce da ake jin sallamarta tun daga bakin layi. Ta dubi ƙaninta sau ɗaya ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Shekara ashirin makulli na hannun mutum ɗaya, kuna zaton kowa na murna? Jifa ne." Aka fara hayaƙi safe da yamma har idanunmu suka yi ja. Aka kawo rubutu. Maƙwabta ma kowa da nasa: wannan ya ce tafarnuwa da zuma, wancan ya ce a yi ƙaho a ƙeya. Allah ya taimake mu Baba ya ƙi ƙahon, ba don ya san illarsa ba, sai don ba ya so wanzami ya ga kansa. Inna ta sayar da tunkiyarta a wannan makon, rabin kuɗin ya tafi a turare da saiwoyi.

Alhaji Sabo ya zo dubiya da buhun shinkafa. Ya zauna a zaure, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce Malam ya huta har ya warware, albashinsa na nan. Da na kai musu ruwa na lura ba ya kallon fuskar Baba, hular yake kallo. Na ɗauka yana jin daɗin ganin kyautarsa ne.

Mako na biyar shi ne wanda ba na son tunawa. Baba ya fara jan ƙafar dama, takalminsa na barin layi a ƙasar tsakar gida. Barci ya yi masa yawa, ana cikin magana da shi sai kai ya langaɓe. Ranar Laraba da hantsi ina tankaɗe, ya ɗago daga tabarma ya ce, "Hafsatu, ba ni ruwa."

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Inna ta fito daga kicin da ludayi ta tsaya. Gwaggo, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ta toshe bakinta da gefen mayafi. Mutumin da ya shekara ashirin da uku yana kewaye sunan uwarsa kamar mai kewaye rijiya, yau ya faɗe shi kamar sunan kowa. Na kawo ruwan, na riƙe masa kofin, na san wanda ke sha ba dukan Baba ba ne.

A ranar Alhaji ya aiko a kai masa makullin ƙaramin ɗakin sito da ya rage a aljihun Baba. Ni na kai. Ina fitowa sai na ji an ce, "'Yar Malam! Zo nan." Maman Ngozi ce, mai shagon robobi da ke jikin siton. Ta fi shekara ashirin a Azare, Hausarta har da karin maganar da ni ban sani ba. Ta jawo mini kujera ta ce, "Yaya jikin Malam? Kan ya daina ciwo?"

Na ce, "Mama, wa ya ce miki kansa ne?"

Ta ajiye bokitin da ke hannunta. "Wa zai ce mini? A gabana aka yi. Ke, ba ku sani ba?"

Ta ba ni labari tana yi tana tafa hannu. Ranar Talatar nan mutane sun kwana biyu a bakin sito, wasu uku. Taki ya rage kaɗan. Sai ga mota ta juyo da gindi har bakin ƙofa, aka fara loda wa wani ɗan kasuwa abokin Alhaji buhu-buhu a gaban idonsu. Wuri ya yamutse. Baba ya buɗe hannuwa a ƙofa yana cewa a yi haƙuri. Wani manomi daga wajen Yana, Malam Haruna, ya ɗaga ƙotar fartanyar da ya sayo a kasuwa ya sauke ta a kan Baba, gefen hagu. Baba ya durƙusa, jini ya jiƙa hular.

"Na ce a kai shi asibiti, na ce a kira 'yan sanda," in ji Maman Ngozi. "Alhaji ya ce in 'yan sanda suka shigo za su rufe sito a tsakiyar damina, kowa ya yi asara. Aka shiga da su ciki. Dattawan ƙauyen mutumin suka sayo goro, shi kuma yana ta kuka, wai bai san lokacin da hannunsa ya tashi ba. Babanki ya ce ya yafe duniya da lahira. Aka shafa fatiha, aka ce magana ta mutu a nan. Alhaji ya cire hularsa ya sa masa. Na ce musu, ni dai a garinmu kai ba ƙafa ba ne. Suka ce Maman Ngozi, ba ki san sulhu ba."

Ban san yadda na iso gida ba. Baba na barci a rumfa bayan azahar. Na durƙusa a gefensa, na ce a zuciyata Allah ya yafe mini, na ɗaga hular. Gashi ya taru, fari da baƙi, a ƙarƙashinsa kuma ga tabo kamar tsawon ɗan yatsana, ya warke sumul.

Inna ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Wannan ai ƙarfen ƙofar sito ne ya buge shi, haka ya ce mini. Ni na gasa masa da ruwan zafi. Ciwon da ya warke tun yaushe?" Da na gaya mata abin da na ji, ta zauna a ƙasa daɓas. Ita ta san da rauni ba ta shiga wurin likita ba, ni na shiga wurin likita ban san da rauni ba. A gida ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya muke ci.

Gwaggo ta miƙe tsaye. Ta kwashe garwashin hayaƙinta ta zubar a bayan gida, ta yafa mayafi ta ce, "Ummi, taso ki nuna mini gidan Sabo."

Mun same shi a zaurensa da baƙi. Gwaggo ba ta jira an yi mata iso ba. Ta ce, "Sabo!" Haka, ba Alhaji. Baƙin suka sunkuyar da kai. "Ni na san ka tun kana tallar gyaɗa a tashar Katagum da wando ɗaya. An fasa kan ƙanina a ƙofarka, ka rufe da hula, ka zo kana yi mana addu'a da buhun shinkafa? Ni ina can ina ƙona turare ina zagin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba!"

Alhaji ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, shi da kansa ya yafe…"

"Ya yafe wa mai fartanya. Kai wa ya yafe maka? Tashi ka ba da mota."

Ya ba da mota da direba. A asibitin Azare, da likitan nan ya ji labarin ƙotar fartanya, bai yi mana faɗa ba, ya dai rufe ido na ɗan lokaci. Ya rubuta takarda ya ce mu wuce Kano a yi hoton kai, kada mu biya ko'ina. Washegari da sassafe muka kama hanya, Baba a kwance a kujerar baya, kansa a cinyar Inna. Gero ya kai gwiwa a gonaki, ko'ina kore shar. Na riƙa kallon gonakin ina tunanin wanne ne a cikinsu ya sha takin da aka loda a ranar.

A Kano mun yini biyu kafin a yi hoton. Ranar farko layi, rana ta biyu na'urar tana jiran wuta. Muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin wata bishiya tare da masu jinya daga Gumel da Potiskum da wasu wuraren da ban taɓa ji ba. Wata baiwar Allah da ban tambayi sunanta ba ta riƙa ba mu ruwan zafi daga filas ɗinta, ta koya mini wace taga ake fara zuwa, da wace ma'aikaciya ce ba a yi wa magana kafin ta karya kumallo. Na ji haushin jiran nan ƙwarai, Baba na ƙara nutsewa a gabanmu ba abin da za mu iya. Amma a ƙarƙashin bishiyar nan na ga alherin da ban taɓa gani ba.

Likitan da ya duba hoton dattijo ne mai magana a hankali. Ya ɗaga shi a jikin fitila ya nuna mini wani farin abu mai siffar jinjirin wata a gefen hagu. Ya ce, "Kan mutum kamar ƙwarya ce da aka cika da fura aka rufe, ba wurin ƙarin ko cokali ɗaya. Ranar da aka buge shi wata 'yar jijiya ta tsinke a ciki, tana ɗiga kaɗan-kaɗan. Jinin ya taru yana danne ƙwaƙwalwa. Za mu huda ƙashin mu zuƙe shi." Da na ba shi labarin goro da fatiha, ya cire tabarau ya ce, "Malam ya yafe, Allah ya ba shi lada. Amma jijiyar ba ta halarci sulhun ba."

Sai ya tambaya ko a wurin aiki ne abin ya faru, ko mai wurin ya kai shi asibiti a ranar, ko ya sanar da ofishin ƙwadago. Na ce a wurin aiki ne, amma sauran biyun a'a. Ya ce, "'Yata, ki riƙe wannan. Wanda ya sa mutum aiki, tsare shi a wurin aikin yana wuyansa. In ya ji rauni, jinyarsa ma tana wuyansa. Doka ce, ba alfarma ba." Ya rubuta haka a takarda ya sa hannu, direba ya kai wa Alhaji. Gaskiya ita ce Alhaji ya biya kuɗin aikin da na magani ba tare da ja-in-ja ba. Ko takardar ce ta sa, ko muryar Gwaggo, ko zuciyarsa, Allah ne masani. Na fi so in yi zaton ta ukun.

Da hantsi aka shiga da Baba ɗakin tiyata. Inna ta ja carbi har ya tsinke, muka bi ƙwayoyin muna tsincewa a ƙasan baranda, kuma na gode wa Allah da ya ba hannuwana abin yi. Kafin la'asar aka fito da shi, kai a aske, an yi huda biyu, wata 'yar roba na fitar da jini baƙi kamar tsohon zoɓo. Wannan ne jinin ranar Talata, mako biyar yana zaune a kan ubana.

Yini guda bai ce komai ba. A rana ta biyu da safe ina goge masa fuska da tsumma, ya buɗe ido ya dube ni sosai, irin kallon da na yi kewarsa. Ya ɗaga hannun dama, na daman nan da ya mutu, ya shafa bandejin. Ya ce, "Ummi, wa ya bar mini kai a buɗe a gaban mutane?"

Na yi dariya, na yi kuka, har ma'aikaciyar ɗakin ta ce in fita waje in gama. Gwaggo, wadda ta biyo mu Kano a motar haya, ta ce, "Ka ji shi! An ciro shi daga kabari, hula yake nema."

Kwana goma sha biyu muka yi muka dawo Azare. Sauran jinyar a gida aka yi ta, kuma ita ce mai tsawo. Ya fara da taku biyar daga tabarma zuwa randa, yana dafe da kafaɗata. Bayan mako biyu ya kai zaure da sanda. Gwaggo ta riƙa yi masa farfesun kifin Katagum tana cewa shi ne ya warkar da shi, ba wuƙar likita ba. Ba wanda ya yi mata gardama. Inna ta daɗe tana zargin kanta. Wata rana na ji Baba yana ce mata, "Ni na ce miki ƙofa ce. Laifin wanda ya faɗa ne, ba wanda ya ji ba." Ban taɓa jin ya ɗora wa kansa laifin shiru ba sai ranar.

Da kaka ta yi, Malam Haruna ya zo da damin gero a bayan keke. Ya tsuguna a ƙofar gida ya ƙi shigowa. Na leƙa shi ta labule. Na yi zaton zan ga ƙato mai jan ido, sai na ga siririn mutum mai faci a gwiwar wando. Ban ji na yafe masa ba a lokacin, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na gama yafewa yanzu ba. Baba ya sa aka shigo da shi zaure, ya aika a kira Alhaji, wanda dama ya yi ta aiko da makulli ana mayar masa.

Ni na kai ruwa, kuma na yi jinkirin fita. Baba ya ce, "Malam Haruna, gaya wa Alhaji kwana nawa ka yi a ƙofar sito."

Ya ce, "Uku. Na sayar da akuya na zo. Geron ya fara ja, in ban sa taki a makon ba shi ke nan. Ko ruwan sha sai na roƙa a shagon matar nan. Da na ga ana loda motar, wallahi Alhaji, ban ga Malam ba. Ƙofa kawai na gani."

Alhaji ya tura makullin gaban Baba ya ce, "Abin da ya wuce ya wuce. Sito na jiranka."

Baba bai taɓa shi ba. Ya ce, "Alhaji, shekara ashirin ban taɓa ce maka a'a ba. Yau zan ce. Ba zan ƙara tsayawa a ƙofar nan ba, kuma ba zan karɓi makulli wani ya tsaya a madadina ba. A fasa taga a sa ƙarfe. A yi rumfa a ajiye randa. A ba kowa lamba tun da safe, in taki ya ƙare a faɗa da wuri mutane su tafi. Motar 'yan kasuwa kada ta zo ranar manoma. Kuma duk wanda aka taɓa a bakin aiki, asibiti tukuna, goro daga baya."

Alhaji ya ce, "Malam Adamu, Allah ne ke…"

Baba ya sa hannu ya cire hularsa ya ajiye a tabarma. Gashin bai gama rufe wurin ba, huda biyun nan suna nan kamar sawun yatsa a tuwo. Ya ce, "Shi ne ya tsare, Alhaji. Ga inda ya tsare. Sauran aikin namu ne."

Alhaji ya daɗe yana kallon kan. Ya ɗauki makullinsa ya mayar aljihu ya ce, "In an gama tagar zan kawo."

Ba komai ne ya gyaru ba. Maganar ofishin ƙwadago ta bi iska, Baba ya ce a bar ta, mu ma muka bari. Kunnensa na hagu yana yi masa ƙara in rana ta yi zafi, kuma likita ya hana shi ɗaukar kaya har abada. Sauran situnan garin nan har gobe mutum ne ke tsayawa a ƙofa. Shi ya sa nake roƙon mai karanta wannan: in an bugi naka a kai, ko ya tashi ya yi dariya, ko fata ta warke, a kai shi a duba, kuma a gaya wa likita gaskiya. In ka ga ciwon kai da mantuwa da jan ƙafa, ka tambayi abin da ya faru wata guda baya. Ka tambayi maƙwabtan wurin aikinsa, domin mutanenmu sun fi ɓoye ciwo a gida. In kuwa kai ne mai wurin aiki, yafiyar ma'aikacinka ba ta sauke maka nauyi ba.

Makon jiya ruwan shuka ya sauka. Na taso daga makarantar da nake koyarwa na biya in kai wa Baba abinci. Na tarar da mutane a zaune a rumfa, kowa da 'yar takarda a hannu, wani na shan ruwa a randa, Maman Ngozi na yi wa wani tsiya wai lambarsa ta fi shekarunsa. Baba na bayan taga yana kiran lamba talatin da bakwai. Alhaji ya ɗauki sabon ma'aikaci, wani magidanci daga Itas, na same shi a tsaye kusa da Baba yana koyon aiki. Da na ajiye kwanon, Baba ya ce masa, "Kafin in nuna maka buhuna, bari in nuna maka wannan." Ya ɗaga hularsa a gaban mutumin, a gabana, a gaban duk wanda ke rumfar.

Sai ya juyo ya ce, "Ummi, me kika kawo mana?"

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa duk wanda ya ba mu ruwa ko ya faɗa mana gaskiya, ya mayar da kowane mai fita nema gidansa da ƙafafunsa.